Kwalbar da Wajid Ya Fasa a Kaina

Masu ƙorafi a ƙarƙashin rubutun makon jiya cewa na cika jan labari, yau kun huta. Ɗinki tara ne a kaina, likita kuma ya ce in rage surutu.

Wanda yau ya fara leƙowa, sunana Gaus Pasha, shekarata arba'in da bakwai, ina jan keke mai ƙafa uku a tsohon birnin Haidarabad. Kafin keken, shekara ashirin da biyu na yi ina cin abinci da shan duka a fim. In kun taɓa ganin jarumi ya shiga rumbun hatsi ya tarar da ƙarti goma suna jiransa, ni ne na uku daga hagu, mai tumbi, wanda ake wurgowa ta taga. An kashe ni ya fi sau ɗari. Aure kuwa ko sau ɗaya ban yi ba. Yayata, Apa Rizwana, ta ce wannan ne kaɗai abin da ya hana ta mutuwa cikin kwanciyar hankali, kuma tun tana da lafiyarta take faɗa.

Ita ta samo Nuzhat. Shekararta talatin da tara, mijinta ya rasu shekara huɗu da suka wuce, tana yi wa amare ado a bakin gyale da zaren zinare. Tana zaune a gidan yayanta Wajid, mai ɓauna goma sha huɗu da madarar da rabin unguwa ke sha. Kowa Pahalwan yake ce masa saboda ya yi kokawa da ƙuruciya, kuma har yau wuyansa ya fi cinyata kauri.

Ga inda gizo ke saƙar. Ranar da Apa ta je masa da maganata, cewa ya yi, “Wanda ake biya ya faɗi? Ba na ba mai faɗuwa ƙanwata. Namiji nake so, wanda in an taɓa gida zai karya haƙarƙari.”

A ranar da la'asar kuma saƙon Nuzhat ya shigo wayata, ina tsaye a layin mai.

“Gaus sahib, tambaya ɗaya gare ni. Ka taɓa dukan mutum?”

Ni da iyayi na rubuta, “A fim ko a duniya?”

Sai da aka zuba mini mai na biya kafin ta amsa.

“Marigayi mijina ma cewa yake wasa ne. Kunnena na hagu ba ya ji. Shekara goma sha ɗaya na yi. Ranar da na ga hannunka ya sauka a jikin wani, ko wane ne, ko da gaskiyarka, magana ta ƙare.”

Na ajiye keken a gefen titi na rubuta mata gaskiya. A sana'armu naushi ba ya sauka. Yana wucewa ne da tazarar yatsa huɗu daga haɓar mutum, shi kuma ya wurga kansa baya, kyamara tana bayan kafaɗar mai dukan, ba ta ganin ramin da ke tsakani. Wanda hannunsa ya taɓa abokin aiki, a ranar ake sallamarsa. Na rantse mata cewa tun da uwata ta haife ni ban taɓa dukan kowa ba. Har na so in ƙara cewa tsoro ne ya taimaka, sai na ga ba sai an faɗi komai ba.

Kun gani dai. Yaya yana son mai duka, ƙanwa tana son wanda ba ya duka, ni kuma hannu biyu gare ni.

Dabarar Apa ce a kai Nuzhat da yayanta Chandni Garh ran Lahadi, Pahalwan ya ga inda na yi aiki ko ya ji nauyina. Tsohon birnin kwali ne da aka gina don fim a bayan gari, da finafinai suka ƙaura aka sa masa ƙofa da mai yankan tikiti. Tun asuba Apa ta zo ɗakina da dutsen guga. Ta goge mini doguwar riga ruwan madara, ta shafe mini gemu da baƙin rini har ya kama kunnena, ta zuba mini turaren da ya sa kyanwar maƙwabta ta bar gidan.

“Ka tsuke cikin nan,” in ji ta.

“Apa, tun safe nake tsuke shi.”

“To Allah ya rufa asiri. Kuma kada ka faɗi a gaban mutumin nan, ko da tuntuɓe ne.”

Ita ba ta zo ba, gwiwa ta hana. Na ɗauke su a ƙofar gidansu ƙarfe goma. Pahalwan cikin fararen kaya, tawul a kafaɗa, zobba huɗu a hannun dama, ya shiga, keken ya karkata gefe ɗaya. Nuzhat cikin baƙar abaya da gyale ruwan ganye wanda ita ta yi wa ado, awarwaron gilashi kore a hannu biyu. Ta madubi na kalle ta sau ɗaya, na kusa hawa kan mai sayar da kwakwa.

A bakin ƙofa aka fara. Tikiti rupi ɗari takwas kowane kai.

“Lita goma!” Pahalwan ya yi tsawa. Shi komai da madara yake aunawa. “Lita goma don in kalli kwali?”

Ni na biya, amma bai huce ba. Masu gadi suka karɓe kular shinkafar da Nuzhat ta dafo, wai ba a shiga da abincin waje. A ciki ruwan sha rabin lita ne na madara, hoto a kan karagar sarki lita uku. Ya bi ganuwar birnin yana ƙwanƙwasawa da zobe, tana amsawa kamar akwatin da ba kowa. Ya kama ƙarfen kurkuku ya lanƙwasa, roba ce, ya dube ni kamar ni na cuce shi.

Na kai su gindin tagar da aka wurgo ni sau goma sha ɗaya a fim shida. Yanzu an kafa allo a wurin, da sunan jarumin da hotonsa.

“Ina naka sunan?” Nuzhat ta tambaya.

“Suna nan suna gyara shi,” na ce.

Ta sa gyale ta rufe baki. Na ga idonta yana dariya, na ji kamar an mayar mini da kuɗin tikiti.

A nan wata murya ta ce, “Gaus na taga! Kana raye?”

Mallesh ne, tsohon abokin aikina, mun mutu tare ya fi sau arba'in. Yanzu shi da wasu uku cikin tsofaffin 'yan shan duka ne ke yin wasan faɗa ƙarfe uku don baƙi, tsakanin wasa da wasa kuma su ne masu tsaron wurin, cikin kayan 'yan fashi, da rawani baƙi da sandunan gora. Muka rungume juna. Ya dubi Pahalwan ya ce, “Wannan mutumin naku, babu wanda ya kai shi iya faɗuwa a duk kudancin ƙasar nan. Ko iska ta kaɗa zai yi juyi biyu.”

Yabo yake yi, Allah ya sani. Pahalwan ya tofar da yawu gefe ya ce, “Na ji labari.”

Hanyar fita daga Chandni Garh ɗaya ce, kuma ta cikin shagon tsaraba ta bi. Duk wanda ya tsara wannan, Allah ya ba shi abin da ya dace da shi. Ɗaki ne mai tsawo, fanka biyu suna juya zafi, baƙi cike, wasu daga Kolkata, wasu amarya da ango da lalle bai goge ba. Bulon roba ɗari huɗu. Takobin leda ɗari bakwai. Jinin ƙarya, ƙwaya uku ɗari biyu da hamsin, abin da muke haɗawa da zuma da jan kala a bokiti. Pahalwan yana tafe yana karanta farashi da ƙarfi kamar mai karanta sunayen waɗanda suka rasu.

Nuzhat ta tsaya gaban wani kofin shayi na tangaran. A jikinsa hoton jarumi ne ya ɗaga ƙafa, takalminsa ya rufe fuskar wani bawan Allah, ba a ganin komai sai kunne da rabin gashin baki.

“Wannan kunnenka ne,” ta ce a hankali.

Shekara goma sha tara da hoton nan, uwata ma ba ta gane ni a ciki ba. Na juya gindin kofin. Ɗari shida da arba'in. Ranar da aka ɗauki hoton ɗari uku aka biya ni, da shinkafa.

“Bhai, ina son wannan,” ta ce wa yayanta.

“Lita takwas? Kofi? Don fuskar da aka taka?” Ya fizge shi ya nufi kanta. “Kai, mai shago! Ɗari zan ba ka.”

Mai shagon, Narsimlu, siririn mutum ne mai sanƙo da tabarau, ya kai shekara hamsin, irin waɗanda ba sa ɗago kai in suna magana.

“Farashi a rubuce yake.”

“Ɗari da hamsin. A kasuwar Charminar shida nake saya da wannan kuɗin.”

“Hanyar Charminar a buɗe take. Kallo kyauta ne, ajiye kada ka fasa.”

“Ku ɓarayi ne da rasit! Kun karɓe mana shinkafa, kun sayar mana da ruwa, yanzu kofi lita takwas!”

Sai a lokacin Narsimlu ya ɗago. Ya dubi tawul ɗin, ya dubi zobban, ya gyara tabarau.

“Au, mai madara ne. Ku da kuke sayar mana da ruwan famfo da sunan ɓauna, ku ne za ku koya mana tsoron Allah?”

Jama'a, ku zagi uban Pahalwan zai iya haƙura, ya rasu, ba ya ji. Madararsa kuwa a'a.

A kan kantar akwai kwalabe kore guda shida a jere, da allo: FASA WA ABOKINKA KWALBA A KA, BA CIWO, 1,200. Kwalbar sukari ke nan, irin wadda aka fasa mini ta fi gashin kaina yawa. Da narkakken sukari ake zuba ta, tana tarwatsewa kamar ƙanƙara, ko jariri ba za ta yanka ba. Pahalwan ya zaro kuɗi ya maka a kan kanta.

“Lita goma sha biyar. Na saya. Kuma kai ne abokina.”

Ya cafki ɗaya ta wuya. Ba kisa ya yi niyya ba, wulaƙanci ya so, ya ga mai sanƙo yana kakkaɓe sukari a gaban mutane. Amma da ya kama ta, zobensa ya bugi jikinta, ta ce ƙil.

Sukari ba ya cewa ƙil. Sukari taf yake cewa, kamar an ƙwanƙwasa busasshiyar ƙwarya. Abu na farko da ake koya wa ɗan shan duka ke nan, kafin a fasa maka kwalba ka ɗan buga ta da farce. Nan take na tuna watan Mayu ne, kwalbar sukari ba ta awa ɗaya a wannan zafi ba ta lanƙwashe ba. Na sayarwa suna cikin firji a bayan shago. Waɗannan na kan kanta kwalaben lemo ne masu kauri, na talla.

Hannun ya riga ya tashi. Hannun da ke ɗaga ɗan ɓauna. Ƙasansa kuma ƙoƙon kan Narsimlu, mai sheƙi, ba ko gashin da zai tare. Na ga gawa, na ga 'yan sanda, na ga Nuzhat tana kai wa yayanta abinci gidan yari shekara goma sha huɗu.

Mai hankali ihu zai yi, ko ya riƙe hannun. Ni ba a koya mini haka ba. Shekara ashirin da biyu abu ɗaya aka koya wa jikina, in ka ga duka ya taso, kai masa kanka a kan lokaci. Kafin in yi shawara na tsinci kaina a kan kanta, na ture Narsimlu da kafaɗa, na miƙa tsakiyar kai kamar mai karɓar albarka.

A fim ƙarar daga baya ake sa ta. Ta gaske ba ta da daɗin ji. Wani dum na ji a cikin haƙorana, hasken shagon ya yi fari, sannan gilashi ya zubo mini a wuya. Wani abu mai ɗumi ya gangaro ta goshi ya cika mini ido ɗaya, ya bi gemu ya haɗu da rinin Apa, ya sauka a rigar da aka goge tun asuba.

Kuma, don Allah kada ku yi dariya, na yi juyi biyu. Ban so ba. Jikina ne ya yi. Na juya sau biyu, na bi ta kan teburin bulon roba, na zube ƙasa fuskata tana kallon jama'a, hannu ɗaya a miƙe, yadda ake so.

Aka ɗauki tafi.

Wallahi tafi. Wayoyi suka tashi sama. Angon nan yana cewa, “Kai, ashe har cikin shago suke yi!” Wata mata daga Kolkata ta leƙo ta ce wa mijinta, “Jinin bai yi kama da na gaske ba, ya cika duhu.” Ina kwance ina jin ta, jinina na fita, ana kushe shi.

Mutum ɗaya ce ba ta yi tafi ba. Nuzhat ta ratsa su ta durƙusa a kan gilashin, ta cire gyalen da ta yi sati tana yi wa ado ta danna mini a ka da hannu biyu.

“Na gaske ne!” ta yi ihu. “Ku ajiye wayoyin nan, na gaske ne! Na san ƙarar dukan gaske!”

Pahalwan yana tsaye da wuyan kwalba a hannu, baki buɗe, yana duban gilashin yana duban allon. “Ai an rubuta ba ciwo,” yake cewa. “An rubuta.”

Narsimlu kuwa daga ƙarƙashin kanta ya sa usur a baki ya yi ta busawa.

Mallesh da mutanensa uku suka shigo a guje da sandunansu. Abin da suka gani shi ne Gaus na taga kwance cikin jini, da wani ƙato a kansa riƙe da fasasshiyar kwalba. Ba su tambayi kowa ba. Sandar farko ta sauka a gadon bayan Pahalwan, na ji ta har cikin raunina. Gorar nan ba ta roba ba ce. Ya juya ya kama mai sandar ta ɗamara ya ɗaga shi ya maka a jikin kantar kofuna, fuskata ta farfashe ta fi sau talatin a lokaci guda. Na biyu ya matso, Pahalwan ya sa masa goshi a hanci, jini ya yi tsartuwa har kan rigar amarya. Sai a nan tafin ya fara raguwa.

Amma huɗu huɗu ne, shi kuma shekararsa hamsin da biyar. Sanda ta same shi a bayan gwiwa ya durƙusa. Wata ta fasa masa leɓe. Wata a haƙarƙari, na ji wani abu ya ce ƙas. Ya sa hannu ya kare kai, suna ta zuba masa, duk don ni, don amanar sana'a. Na ce su bari, muryar ba ta wuce gemuna ba.

Hannun Nuzhat ya saki kaina. “Bhai!” ta ce. “Za su kashe shi. Gaus sahib, za su kashe shi!”

Na miƙe. Shagon yana juyawa, na jira ya kawo mini Mallesh. Ya ɗaga sanda da hannu biyu, saitin ƙeyar Pahalwan. Ba zai ji magana ba, idonsa ya rufe. Yare ɗaya na san jikinsa zai ji. A sana'armu kafin ka kai naushi sai ka buga ƙafa a ƙasa, alama ce ga abokinka cewa ga shi nan tafe. Na sha gabansa, na buga ƙafar dama, na saki naushi ya wuce haɓarsa da yatsa huɗu cif.

Kan Mallesh ya wurgu baya. Sandar ta tashi sama. Mutum mai jikoki biyu ya bar ƙasa ya faɗa cikin takubban leda, shi kansa bai san lokacin da ya yi ba.

Sauran ukun suka tsaya. Suka dube ni, suka dubi wayoyi ashirin da ke ɗaukarsu suna lakaɗa wa baƙo mai tikiti duka, na ga lissafin ya shige su. In wasa ne, aikinsu yana nan gobe. Na buga ƙafa. Na farko ya taho, shi kaɗai, yadda aka saba, don ba a taɓa taruwa a kan jarumi. Na wuce da gwiwar hannu ta gefen kunnensa, ya yi tsalle ya bi ta kan kanta. Na biyu na nuna masa ƙafa daga nesa ya naɗe kamar tabarma. Mai fasasshen hanci ya zo ƙarshe, na kai masa na hagu, ya fesar da jininsa na gaske sama, ya faɗi a hankali har da karkarwar ƙafa. Bai taɓa yin mai kyau irin wannan ba lokacin da ake biyansa.

Shagon ya kaure da sowa. Daga cikin takubba Mallesh ya ce ƙasa-ƙasa, “Ɗan banza, babu katifa a nan. Bayana ya tafi.”

Karo na farko a rayuwata ni ne a tsaye, kowa a kwance. Na juya in ga ko Nuzhat ta gani.

Ta gani. Tana tsaye daidai bayan kafaɗata ta dama, taku uku, inda kyamara ke tsayawa. Daga nan ba a ganin yatsa huɗu. Daga nan mutum huɗu ta ga na ragargaza da hannuna, ina jini, jama'a na yi mini kirari. Hannunta ya tashi a hankali ya rufe kunnenta na hagu.

Wani ƙaramin asibiti a bakin hanya muka je, rana ba ta faɗi ba. Ni ɗinki tara, Pahalwan uku a leɓe. Tun a hanya bakinsa bai rufu ba, duk da kumburin.

“Huɗu! Gaus miya, huɗu, da fasasshen kai! Ni na fasa shi kuma, ka tashi ka tare mini. Ka yafe ni, ƙanena. Ashe zaki ne nake kira mage.” Ya kira Apa a gabana. “Apa, a sa rana. Wata mai kamawa. Madarar biki a kaina.” Ina jin kukan Apa ta cikin wayar, tana cewa yanzu ko gobe aka zo ɗaukar ranta ta shirya.

Nuzhat tana can ƙarshen benci, ta juya mana kunnen da ba ya ji. Ba dama in yi bayani a gaban yayanta, in na ce wasa ne na rasa shi, in na yi shiru na rasa ta. Na lallaɓa waya a ƙarƙashin riga na rubuta, “Ban taɓa su ba. Wallahi ko gashinsu.” Na ga ta duba. Na ga alamar ta karanta. Ta kife wayar a cinya.

Na ƙara, “Ki tambayi Mallesh.” Ba ta ko ɗaga ba. Da gaskiyarta, wace shaida ce abokin mutum.

Aka kira Pahalwan ɗaukar hoton haƙarƙari. Ƙofar na rufuwa Nuzhat ta taso, ta tsaya a gabana, awarwaronta saura uku a hannu ɗaya, sauran sun fashe a shago.

“Miƙo hannunka.”

Na miƙa tafin.

“Bayansa.”

Na juya. Ta naɗe yatsunta da bakin gyalen nan da jinina ya bushe a jiki, don kada fata ta taɓa fata, ta bi gaɓoɓin yatsuna ɗaya bayan ɗaya tana dannawa. Ta gama na dama ta ce in kawo na hagu. Ta sa na dunƙule, na buɗe, na sake dunƙulewa. Likitan da ya ɗinke ni bai duba ni haka ba.

“Shekara goma sha ɗaya ni nake sa wa hannun da ya dake ni ƙanƙara,” ta ce, ba ta ɗago ba. “Nan yake fara kumbura, wajen na tsakiya. Fatar ta saɓule. Mutum ɗaya ma ya isa, balle huɗu.” Ta saki hannun. “Naka kamar na mai sayar da auduga.”

Ban taɓa jin zagin da ya yi mini daɗi haka ba.

Ta buɗe jakarta ta fito da kofin. Shi ne wanda Pahalwan ya ajiye a kan kanta, shi kaɗai ya tsira.

“Yaushe?” na ce.

“Lokacin da ake ɗora ku a mota. Ɗari shida da arba'in. Ka ceci mai shagon daga mutuwa, bai rage ko rupi ɗaya ba, har da rasit.” Ta juya shi ta kalli kunnen. “Zan riƙa shan shayi a ciki, in saba da fuskar kafin wata mai kamawa.”

Ina neman abin da zan ce wanda ba zai ɓata ba, ƙofa ta buɗe. Pahalwan ya fito dafe da ƙirji, haƙarƙari biyu sun tsage, fuskarsa kamar an yi masa albishir da Makka. Waya ce a hannunsa.

“Gaus miya, an sa mu a duniya, har mutum dubu tara sun kalla! Ka san ƙannen marigayi mijin Nuzhat, su uku, mahautan nan da suke cewa ɗakin da ya bari da keken ɗinkinta nasu ne? Shekara huɗu suna mana barazana, ni kaɗai. Yanzu na tura musu bidiyon. Na ce in sun haifu su zo ran Juma'a bayan masallaci, surukina yana jiransu a ƙofar gida.”

Wayar ta yi ƙara a hannunsa. Ya duba, ya yi dariya har ya riƙe haƙarƙari.

“Sun ce suna tafe.”

Nuzhat ta mayar da kofin cikin jaka, ta ja zip a hankali, ta dubi hannuna, sannan ta dube ni. Ba ta janye sharaɗinta ba, ni ma ban roƙa ba.

Yau Laraba. Na bincika, mahautan nan uku babu wanda ya taɓa shiga fim a cikinsu. In na buga ƙafa a ƙasa, ba su san ana faɗuwa ba.